FILIN MANOMI: Garambawul Ɗin Tsohuwar Tantan

A watan jiya mun tsaya a kan maganar rumbu da ƙwarin hatsi, da niyyar mu ci gaba da ita yau. Sai ga wata wasiƙa daga dattawan wata ƙungiyar manoma ta ikkilisiya a yammacin Kano, wadda ba za ta iya jiran wata mai zuwa ba. Suna da tsohuwar tantan, Massey Ferguson 135, wadda gidaje da dama suka dogara gare ta wajen haro da huɗa da ɗaukar amfanin gona. Bara da kyar ta kai su ƙarshen damina. Tana ta da shuɗin hayaƙi, tana shan baƙin mai kamar ruwa, da safe kuwa ba ta tashi sai samari sun tura ta. Sun tara kuɗi bayan kaka, amma kansu ya rabu. Waɗansu sun ce a sayar wa 'yan gwangwan a huta. Waɗansu sun ce a sake mata zobba kawai, a lallaɓa ta ta ƙara shekara guda. Suna tambaya, me za su yi?

Amsarmu ita ce, kada ku sayar, kada kuma ku lallaɓa. Ku sauke injin a yi masa cikakken garambawul, yanzu da rani, a hannun wanda yake aunawa kafin ya yi magana. Ita wannan kalma ta garambawul, yau an fi jinta a rediyo sa'ad da gwamna ya sauya kwamishinoninsa, amma ta bakin kanikawa ta shigo Hausa. Ma'anarta a wargaza inji ɗaiɗai, a wanke, a auna kowane abu, a fid da wanda ya cinye, a mayar da sabo.

Me ya sa muka ce kada a sayar? Domin tsufan tantan ba irin na mutum ba ne. An fara ƙera wannan samfuri na 135 a shekarar 1964, aka yi da yawa a birnin Coventry na ƙasar Ingila. Injin da ke cikin yawancinsu na kamfanin Perkins ne, mai silinda uku, wanda ake kira AD3.152. Massey Ferguson ta sayi kamfanin Perkins tun 1959, shi ya sa kuke ganin sunayen nan biyu tare. Waɗanda suka tsara injin sun yi shi ne yadda duk abin da ke gogar ɗan'uwansa za a iya zare shi a sa wani. Gangar jikin kuwa zubin ƙarfe ce, muddin ba ta tsage ba za ta ga jikokinmu. Ban da haka, an ci gaba da ƙera irin wannan inji a Pakistan da Indiya shekaru da yawa bayan Ingila ta daina yin 135, saboda haka kayan gyaransa ba su yi wuya a kasuwa ba. Tsofaffinmu za su tuna zamanin da tantan ta yawaita a ƙasar nan, lokacin shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo a 1976 da juyin noma na Shugaba Shagari a 1980, sa'ad da ake haɗa Steyr a Bauchi, ana haɗa Fiat a nan Kano a kan hanyar Zariya. Da yawa daga cikin motocin noman wancan zamani sun ƙare a bayan ofisoshi, ciyawa ta tsiro ta cikin ƙafafunsu, saboda ƙaramin abu ya lalace ba a sami mai kula ba. Wadda ta tsira har yau ta nuna irin ƙashinta. Kuɗin da kuka tara kuwa ba zai kama ƙafar sabuwa ba.

Kafin mu kai gareji, bari mu fahimci ciwon. Injin man gas ba shi da fulogi kamar na fetur. Ba tartsatsi ne ke kunna mansa ba, matsi ne. Fistan yakan sauka ya zuƙo iska zalla, sa'an nan ya hau ya matse ta har ta koma kashi ɗaya cikin 16 ko 18 na girmanta. Iskar da aka matse haka takan yi zafin da ya wuce digiri 500. Yaron da ya taɓa hura tayar keke ya san yadda gindin famfo ke ɗumi a hannu, to wannan ne aka ninka. A daidai wannan lokaci nozul ya fesa man gas, man ya kama da kansa, ya tunkuɗa fistan ƙasa. Wannan ita ce dabarar Rudolf Diesel, mutumin Jamus, wanda injinsa ya yi aiki sosai a 1897. Kun ga ke nan rayuwar injin duka tana rataye ga abu guda, watau kada iskar nan ta sami hanyar sulalewa. Masu tsaron ƙofar su ne zobban da ke jikin fistan, da silif, wato rigar ƙarfe da fistan ke hawa da sauka a cikinta, da kuma bawul a sama. In sun cinye, iska ta zurare, zafi bai kai ba, sai inji ya ƙi tashi da sanyin safiya. Baƙin mai kuma ya haura ta gefen zobba ya ƙone, shi ne shuɗin hayaƙin da kuke gani.

Abin da ke cinye su a ƙasarmu, ƙura ce. Tantan tana aiki cikin ƙurar da ita kanta ta tayar, ga kuma ta hunturu wadda ba ta bar ko cikin akwati ba. Ƙura in ta haɗu da mai takan zama kamar dutsen wasa wuƙa. Tsofaffin Ferguson da yawa suna da matatar iska mai kwanon mai a ƙasa, inda ƙura ke faɗawa ta nutse. Ana so a duba kwanon nan kowace rana ta aiki. Mun sha ganin wanda aka buɗe aka tarar mansa ya zama laka, har a iya gina tukunya da ita. Wani lokaci kuma robar da ta haɗa matata da inji ce ta tsage, aka ɗaure da tsumma.

Amma ba kowane hayaƙi ne ke kiran garambawul ba, kada wani ya firgita ku. Baƙin hayaƙi yawanci ko iska ce ta yi kaɗan saboda matata ta toshe, ko nozul ne ke zubar da mai fiye da kima, wannan kuwa gyaran yini ɗaya ne. Farin hayaƙi da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, a bincika ko ruwa na shiga ta gasket. Wanda ke nuna cinyewar ciki shi ne shuɗin, musamman in ya haɗu da hayaƙi mai fita da ƙarfi ta bututun numfashi a gefen inji, da allurar baƙin mai da ke faɗuwa in inji ya ɗau zafi. Bisa ga wasiƙarku, dukansu sun bayyana.

Domin mu amsa muku da abin da ido ya gani, mun tafi wajen Ƙofar Dawanau, wadda ke arewa maso yammacin ganuwar Kano, tsakanin Ƙofar Ruwa da Ƙofar Waika. Sunanta ya faɗi inda ta dosa, wato Dawanau, inda babbar kasuwar hatsi take a kan hanyar Katsina. Maƙwabciyarta kuwa, kasuwar Ƙofar Ruwa, ita ce matattarar ƙarfe da kayan gyaran mota, sababbi da na hannu, saboda haka kanikawa da masu walda da masu injin wasa ƙarfe suka yawaita a wannan sashe. Ba abin mamaki ba ne, gama Dutsen Dala na nan kusa, inda masana suka sami alamar narkar da tama tun wajen ƙarni na 7. Sana'ar ƙarfe ta daɗe a wannan gefe na birni, kayan aikin ne kawai suka sauya.

A wani gareji mun sami wani dattijon bakanike, Musulmi mai fara'a, wanda ya tsufa a kan injin man gas. Muna zaune sai ga wani mai tantan ya zo duba injinsa da aka buɗe masa. Ya ce, "Baba, ni dai zobe za ka sa mini, ka rufe. Aljihun ba nauyi."

Dattijon bai yi gardama ba. Ya kama hannun mutumin ya sa farcensa a bakin silif daga ciki, ya ce, "Alhaji, ja sama. Me ka ji?"

Ya ce, "Na ji kamar ɗan tudu."

"To wannan tudun shi ne asalin faɗin ramin ran da aka ƙera shi. Duk abin da ke ƙasa da shi ƙura ta cinye."

Sai ya ɗauko sabon zobe ya tura cikin ramin, ya sa yaro ya haska fitila daga ƙasa. Haske ya ɓullo ta gefe biyu. Zobe da'ira ne sosai, ramin kuwa ya koma kamar ƙwai, gama fistan ya fi jingina ga ɓangare ɗaya in yana aiki. Ya ce, "Zan iya sa maka, kuɗin hannuna ɗaya ne. Amma kafin a yi noman biyu za ka dawo, kuma sai ka sake sayen gasket da mai da zoben. In ma ba a yi sa'a ba, sabon zoben ya bugi tudun nan ya karye ya kwarzane fistan. Sa'an nan a ce Baba bai iya aiki ba."

Muna jinsa sai muka tuna da misalin da Ubangijinmu ya bayar a cikin Markus sura 2, na mai yi wa tsohuwar riga maho da sabon ƙyalle, har yagewar ta fi ta dā. Ya ba da shi domin wata koyarwa mai zurfi, amma ya ɗauko shi ne daga abin da kowane maɗinki ya sani, kowane bakanike na ƙwarai kuma ya san irinsa. Saboda haka silif da fistan da zobba tare ake sauya su, tare ma ake sayar da su a kwali ɗaya. Silif na wannan inji da injin matsi ake zare shi a kuma dasa sabo, ba da guduma ba.

Daga nan sai karanshaf, ƙarfen nan mai gwiwoyi da ke mai da hawa da saukar fistan su zama juyi. Yana kwance a kan waɗansu siraran ɓawo da kanikawa ke kira metal, tsakaninsu kuwa ba abin da ke raba su sai ɗan mai wanda kaurinsa bai wuce na gashin kai ba. Ido ba ya auna wannan. Akwai ma'auni mai dunƙule da ake kira maikuromita, duk garejin da ba shi da shi, kuma ba ya aikawa inda ake da shi, ku yi sallama ku wuce. In karanshaf ya cinye akan kai shi wurin wasawa a rage shi zuwa mataki na gaba. Matakan su ne 10 da 20 da 30, na farkon daidai yake da rubu'in milimita. Lalle ne metal ɗin da za a saya ya dace da matakin da aka wasa. Ku sa a rubuta muku lambar a littafin ƙungiya, za ta yi amfani wata rana. Bayan wasawa kuma a wanke ramukan da mai ke bi ta cikinsa sarai, domin garin ƙarfen da ya maƙale a ciki shi ne zai fara cin sabon metal. Famfon baƙin mai ma a auna shi, kada a bar shi don yana ɓoye.

Tof, wato murfin da ke ɗauke da bawul, za a duba ko ya tanƙware ko ya tsage, a wasa mazaunin bawul ɗin. Injekta da nozul kuwa ba aikin gindin bishiya ba ne. Akwai masu sana'arsu daban, masu benci na gwaji. Nozul mai lafiya yakan fesa mai kamar hazo ya yanke tsaf, marar lafiya yakan ɗiga. Ku roƙa a gwada a gabanku, amma kada kowa ya kai hannu kusa da feshin, gama yana huda fata. Mutane da yawa sukan yi rowar wannan mataki, su sa tsohon nozul mai ɗiga a kan sabon fistan, man ya riƙa wanke baƙin mai daga jikin silif. Asarar ba ta nuna kanta sai bayan watanni.

Yanzu ga maganar da ta fi wuya, ta sayen kaya. A kasuwa za a nuna muku kwali biyu ko uku masu kama ɗaya, farashi daban daban. Jabu ya yi yawa, kwalinsa ma wani lokaci ya fi na gaske kyau. Araha ba ta ado. Shawararmu ita ce ku tafi da lambar injin a rubuce, tana nan a buge a jikin gangar. Ku je tare da bakaniken, mutum biyu daga ƙungiya, ma'aji da wani, ku biya da hannunku ku karɓi rasiɗi. A kuma ajiye muku dukan tsofaffin kayan da aka cire a buhu, ku kai gida ku nuna wa jama'a. Wannan ba zargin kowa ba ne. Dattijon nan da kansa ya ce ya fi son haka, gama ya fi samun barci. Kuɗin ƙungiya akwai na gwauruwa a ciki, akwai na zumuntar mata da suka sayar da gyaɗa, ya kamata kowa ya ga inda sisinsa ya shiga. Mun san ƙungiyoyin da tantan ba ta kashe su ba, zato ne ya kashe su.

Ranar haɗawa ita ce ranar da ta fi kowace. Abin baƙin ciki ne a ga an sayi kaya masu tsada an shimfiɗa su a ƙasa, iskar hunturu tana yayyafa musu abin da ya kashe na farko. A haɗa inji a cikin rumfa, a kan tebur ko tsabtataccen buhu, a yayyafa ruwa a ƙasa, a rufe kowane abu da aka wanke. Bakin zobba ba a jera su layi ɗaya, akan karkasa su kewaye da fistan. Kowane murfin sandar fistan yana da lambarsa, inda aka ciro shi nan zai koma. Notocin tof akan fara ɗaure su daga tsakiya a yi waje, kaɗan kaɗan, da sifana mai awo, ba da dogon bututu da ƙarfin saurayi ba. Ratar bawul a wannan inji milimita 0.30 ce in yana da sanyi. A wanke lagireto, kada kuma a yarda a jefar da tamostat, 'yar na'urar da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, ko da an ce muku ƙasarmu da zafi. Injin da ke aiki da sanyi ya fi saurin cinyewa.

Ku tura direbanku ya zauna a garejin daga ranar buɗewa har ranar rufewa, tare da wani yaro mai hankali da ya gama makaranta. Mu da muke koyarwa muna ganin yadda yaranmu ke ƙyamar sana'ar da ke ɓata riga, alhali lissafin da muke fama da su a kansa a allo, na milimita da kashi cikin goma, ga shi nan a hannun dattijon da bai yi aji shida ba. Direban da ya ga lakar da aka kwaso daga cikin injinsa ba sai an yi masa wa'azin matata ba.

In an tayar da inji, kada a bar shi yana ta gunaguni a tsaye yini guda da sunan wai yana sabawa. Zobba ba su zama daram sai da nauyi, in ba nauyi sai jikin silif ya yi santsi kamar gilashi, shan mai ya dawo. A ba ta aiki matsakaici, kamar jan tirelar taki zuwa gona, wanda dā ma aikin rani ne. Kada dai a sa ta babban kaftu a busasshiyar ƙasa tun ranar fari. Bayan kamar sa'a 50 na aiki a juye baƙin mai da filta, a sake duba ɗaurin tof da ratar bawul. Tsohon man kuma kada a zubar kusa da rijiya, kada a shafa wa yaro ko dabba da sunan magani.

Duk wannan yana cin lokaci, shi ya sa muka ce yanzu. A ƙasar Kano ruwan shuka yakan zauna ne wajen watan Yuni. Daga Mayu garejin nan zai cika da masu gaggawa, mai wasa karanshaf zai ce ku bi layi, kaya su yi tsada, bakanike ya haɗa muku inji da fitilar hannu. Wanda ya kai tasa a Janairu ko Fabrairu yana da sararin mayar da kayan da bai dace ba, ya gwada, ya gyara abin da ya saura. Gonar da ta rasa makon farko na shuka kuwa ba ta cika kamo 'yan'uwanta ba, kuma gonakin marasa ƙarfi ne kullum ke ƙarshen layi.

In kuɗin da ke hannu bai kai na cikakken aiki ba, gara ku bar fenti da fitilu da kujera, ku zuba shi duka a cikin inji. In har yanzu bai kai ba, ku zauna da jama'a ku nuna musu lissafin, waɗanda za a yi wa haro su ba da wani abu tun yanzu a cire musu da damina. Daga bana kuma, a kowace gona da tantan ta yi wa aiki a ware wani kaso a asusu na dabam wanda ba a taɓawa don biki ko ta'aziyya, direba kuma ya riƙa rubuta sa'o'in aiki da ranar da aka juye mai.

A wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, za mu duba man gas kansa, yadda ake gane wanda aka gauraya da kananzir ko ruwa, da yadda ake ajiye shi a duro ya kwanta kafin a zuba. Maganar rumbu kuma tana nan, ba mu manta ba. Dattawan da suka rubuto, muna jiran labarin abin da ma'auni ya nuna a karanshaf ɗinku.